LISSAFI A TSAKAR GIDA: YADDA IYAYE ZA SU TAIMAKI ƘANANAN YARA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyaye maza da mata, da kakanni, da yayye, da duk wanda ya ke riƙon yaro ɗan shekara biyar zuwa goma. Nufinsa shi ne ya nuna yadda za a taimaki yaro ya riƙe tushen lissafi tun daga gida, ba tare da an kashe ko kwabo ba, ba kuma sai mai taimakon ya taɓa zama a benci ba. Tushen lissafi kuwa shi ne ƙananan amsoshin nan da babba ya ke faɗi ba tare da ya tsaya tunani ba: bakwai da takwas sha biyar, sha uku a ɗebe shida saura bakwai, shida sau bakwai arba'in da biyu, ashirin da huɗu a raba gida uku takwas-takwas.

Cikin watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Cikin 1999 aka sabunta shirin a Sakkwato, sa'an nan dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Makarantu sun yawaita, azuzuwa sun cika. Amma shiga makaranta daban, iya lissafi daban. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF cikin 2021 ya nuna cewa, cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya iya ƙaramin lissafi irin wanda a ke tsammani daga ɗan aji biyu ko uku. Malamin da ya ke fama da aji cike maƙil ba shi da sukunin tsayawa kan kowane yaro ya tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Gida ne ya ke da wannan sukuni.

ME YA SA SAI AN RIƘE SU A KA?

Kan mutum ba ya iya riƙe abubuwa da yawa lokaci guda sa'ad da ya ke cikin aiki. A ɗauki 368 sau 47. Kafin yaro ya kai ga amsa, watau 17,296, sai ya bi ta kan ƙananan sau guda shida, ban da tarawa da riƙe abin da a ke ɗauka zuwa gida na gaba. In ya san bakwai sau takwas hamsin da shida ne, nan take sai ya rubuta 6, ya riƙe 5, ya wuce. In kuwa sai ya ja layuka hamsin da shida a gefen takarda ya ƙirga su, to, kafin ya gama ya manta inda ya tsaya. Malam ya ja masa jan biro, gobe ma haka, jibi ma haka, har yaron ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ja. Alhali kuwa ya gane hanyar aikin sarai, ƙananan amsoshin ne su ke kayar da shi.

Wannan rauni ba a aji ya ke tsayawa ba. Shi ne ya ke bin yaro zuwa jarrabawar shiga sakandare, ya bi tela wajen awon yadi, ya bi magini wajen ƙirgar bulo, ya bi mai shago wajen ba da canji, ya bi uwa wajen auna wa jariri magani.

A FARA DA ƘIRGA KAFIN HADDA

Sau da yawa akan ji uba yana yabon ɗansa cewa ya iya ƙirga har ɗari. Abin a yaba ne, amma jera sunayen lambobi kamar waƙa bai zama ƙirga ba tukuna. Waɗansu masana biyu na Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun bayyana cikin 1978 abubuwan da yaro ya ke bukata kafin a ce ya iya ƙirga. Uku daga cikinsu su ne: ya taɓa kowane abu sau ɗaya tak ya ba shi lamba ɗaya, ya bi jerin lambobin yadda su ke kullum ba tsallake, ya kuma gane cewa lambar da ya faɗi a ƙarshe ita ce yawan abin duka.

Gwada wannan ba wuya. Uwa ta zuba ƙwayar gyaɗa bakwai a faifai, ta ce yaro ya ƙirga. Bayan ya gama ta tambaye shi, "To, nawa ke nan?" In ya ce bakwai, madalla. In ya sake komawa kan ɗaya yana ƙirgawa, to, bai riga ya gane abu na uku ba. Sa'an nan ta baza gyaɗar nan a gabansa yana kallo, ta sake tambaya. Yaro ƙarami yakan ce ta ƙaru, domin ta ci wuri. Wannan ba dolanci ba ne, mataki ne da yara su ke bi. Maganinsa yawan ƙirga abubuwa na zahiri: cokula, takalma a bakin ƙofa, awaki in sun dawo da yamma, matakan bene. Aike ma darasi ne. "Kawo mini albasa huɗu" ya fi "kawo mini albasa" amfani ga ɗan shekara biyar.

Mataki na gaba shi ne ɗorawa daga inda aka tsaya. A sa dabino biyar cikin kwano yaro yana gani, a rufe, a ajiye uku a waje, a ce, "Duka nawa?" Da fari zai so a buɗe kwanon ya fara daga ɗaya. Sannu a hankali zai koyi cewa, "Biyar, shida, bakwai, takwas." Ran da ya yi haka ya yi babban ci gaba, ko da ba wanda ya lura. Daga nan a nuna masa ya riƙa farawa daga lamba mafi girma: in an ce biyu da bakwai, ya fara daga bakwai ya ɗora biyu.

Game da yatsu kuwa, kada a buge wa yaro hannu don ya ƙirga da su. Da yatsu kowa ya fara. Yaro da kansa zai bar su sa'ad da amsar ta riga yatsun zuwa.

HARSHEN GIDA DA HARSHEN MAKARANTA

Yaron da ya tashi a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi Araba a Ikko, ko unguwar Hausawa a Owerri ko Fatakwal, yana jin lamba da harshe biyu ko uku: Hausa a gida, Yarabanci ko Ibo a titi, Turanci a makaranta. Waɗansu iyaye sukan ji tsoron kada Hausa ta rikita shi, sai su ƙi yin lissafi da shi sam, tun da su ba su jin Turanci. Wannan kuskure ne. Alamar 7 ɗaya ce a kowane harshe, kuma wanda ya gane cewa bakwai da uku goma ne da Hausa, sunaye kawai zai sauya in ya shiga aji.

Har ma Hausa tana da wata fa'ida a nan. "Goma sha uku" tana faɗin abin da a ke rubutawa daki-daki: goma ɗaya, sa'an nan uku, watau 13. A Turanci kuwa sunan 13 da uku ya ke farawa, shi ya sa yaro yakan rubuta 31. Har wa yau sunan 13 da na 30 sun yi kama a kunne, haka 14 da 40, har zuwa 19 da 90. Saboda haka yana da kyau a gida a riƙa faɗin lambar a cike, "goma sha uku", maimakon "sha uku" kawai, har sai yaro ya saba.

Inda Hausa ta ke ɓoye ma'ana shi ne daga ashirin zuwa casa'in, domin waɗannan sunaye daga Larabci aka aro su, yaro kuwa ba ya jin "goma uku" cikin kalmar talatin. Mutanen da suna cewa gomiya biyu, gomiya uku. Ba laifi a farfaɗo da wannan tsohuwar ƙirga a tsakar gida: a ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da zare, a ajiye ɗauri uku da tsinke huɗu, a ce gomiya uku da huɗu, watau talatin da huɗu, a rubuta 34 a ƙasa. Haka nan faɗar nan ta "ashirin babu ɗaya" da "ashirin babu biyu" ɗebewa ce tsantsa da yaro ya ke sha tun a nono. Yarabawa sun ma fi yin nisa cikin wannan, don daga 15 zuwa 19 duk daga ashirin su ke ɗebowa. Yaron da ya ke jin harsunan biyu yana da abin kwatantawa wanda ɗan'uwansa bai samu ba.

Wani ɗan abin lura: kalmar "tara" tana nufin lamba 9, tana kuma nufin haɗawa. "Tara a tara da tara" yana ba yara dariya, amma yakan rikita ƙanana. A gida a ce "haɗa" ko "da" ya wadatar.

ABOKAN GOMA

In akwai abu guda da ya cancanci a daɗe a kansa, to, shi ne lambobin da su ke haɗuwa su ba da goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Biyar ne kacal, amma kusan dukan tarawa da ɗebewa a kansu su ke tafiya. A yanki kwalin ƙwai a fitar da gurbi goma, jeri biyu na biyar-biyar. A sa tsakuwa bakwai a ciki, a tambayi yaro gurbi nawa ya rage. Ko kuwa uba ya ɗaga yatsu shida ya ce, "Nawa su ka kwanta?" Kaka ma tana da nata salo. Ta dunƙule goro goma, ta raba hannu biyu, ta buɗe ɗaya ta ce wa jikanta, "Maigida, ga huɗu, nawa na ɓoye maka?" In ya ce shida, ta buɗe ya gani da idonsa. In ya kuskure, su ƙirga tare, ta sake.

Amfanin wannan yana fitowa sa'ad da jimla ta haye goma. A ce takwas da biyar. Takwas tana neman biyu ta cika goma. A ciro biyun daga cikin biyar, saura uku. Goma da uku, sha uku. Da fari da tsakuwa za a yi shi cikin kwalin nan, yaro ya ga gurbi biyu sun cika, uku sun rage a waje. Bayan 'yan kwanaki zai yi shi a ka. Tara kuwa ta fi kowace sauƙi, don ɗaya kawai ta ke nema: tara da shida, goma da biyar ke nan.

Sai tagwaye, watau lamba da irinta: 3 da 3, 4 da 4, har 9 da 9. Yara sukan riƙe waɗannan da wuri. Da su ne a ke kama maƙwabtansu. Wanda ya san shida da shida sha biyu ne, ya san shida da bakwai sha uku, ɗaya kawai aka ƙara.

In an jera dukan tarawa daga sifiri zuwa 9, guda 100 ne. Amma da ya ke uku da biyar daidai ya ke da biyar da uku, na ainihi 55 ne. In an cire ƙarin sifiri, da ƙarin ɗaya, da ƙarin biyu, da abokan goma, da tagwaye da maƙwabtansu, da na tara, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

ƊEBEWA DA BA DA CANJI

Kada a koyar da ɗebewa kamar wani baƙon abu. Lambobi uku, 8 da 5 da 13, 'yan ɗaki ɗaya ne: takwas da biyar sha uku, biyar da takwas sha uku, sha uku a ɗebe biyar saura takwas, sha uku a ɗebe takwas saura biyar. Duk ran da aka koyi tarawa guda, a juya ta nan take a tambaya ta baya.

'Yan kasuwa sun daɗe da sanin hanya mafi sauƙi. In mutum ya sayi kayan Naira 350 ya miƙa 500, mai kaya ba ya ɗebewa, ɗorawa ya ke yi: ya ajiye hamsin ya ce ɗari huɗu, ya ajiye ɗari ya ce ɗari biyar. Canji Naira 150 ke nan. A buɗe wa yara kanti na wasa a zaure ko a tsakar gida, da gwangwanaye da kwalaye, a yanka takarda a rubuta 5, 10, 20, 50 da 100 a matsayin kuɗi. Yau wannan ya zama mai kanti, gobe wancan. Babba ya zo saye, wani lokaci ya ba da kuɗin da bai cika ba da gangan, ya ga ko za a kama shi. Ba abin da ya ke faranta wa yaro rai kamar ya ce, "Baba, kuɗinka bai cika ba, saura goma."

JADAWALIN SAU

A nan ne yawancin yara su ke tuntuɓe, a nan ne kuma aka fi cutar da su da hadda ba fahimta. Kafin yaro ya rera "uku sau huɗu sha biyu", ya kamata ya ga kashi uku na tumatir, kowane kashi huɗu-huɗu, ya ƙirga su da hannunsa. Gida cike ya ke da misalai. Takalma da kunnuwa na jadawalin 2 ne. Duwatsun murhu da ƙafafun keke mai ƙafa uku na 3 ne. Ƙafafun akuya na 4, yatsun hannu da mintocin agogo na 5, kwanakin mako na 7: mako biyu sha huɗu, mako uku ashirin da ɗaya, mako huɗu ashirin da takwas. Takardar Naira 20, wadda aka fara bugawa cikin 1977 da hoton Janar Murtala Muhammed, ita ma tana koyar da ƙirga ashirin-ashirin: Murtala biyar, ɗari.

Sa'an nan a ɗauko kiret ɗin ƙwai. Jeri biyar ne na shida-shida, ƙwai 30. A juya shi, ya zama jeri shida na biyar-biyar, ƙwai ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya rage wa kansa kusan rabin aiki, domin daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 amsoshi 100 ne, amma na ainihi 55.

Ba dole ne a bi jadawali bisa jeri ba. A fara da na 2, wanda tagwayen nan ne da ya riga ya sani, sai na 10, sai na 5 wanda rabin na 10 ne. In an cire waɗannan da na 1, saura 21. Na tara yana da dabara biyu. Ta farko, a yi sau goma a ɗebe guda: tara sau bakwai, saba'in babu bakwai, sittin da uku. Ta biyu, yaro ya shimfiɗa yatsunsa goma, ya lanƙwasa na bakwai daga hagu; yatsu shida sun rage a hagunsa, uku a damansa, 63 ke nan. Zai kuma iya duba amsarsa, don a jadawalin tara har zuwa 90 alƙaluman amsar in an haɗa su tara su ke bayarwa: 1 da 8, 2 da 7, 6 da 3. An cire na tara, saura 15. Biyar daga ciki lamba ce sau kanta, watau 9, 16, 36, 49 da 64. Waɗannan a jera tsakuwa murabba'i a gan su. Saura goma.

Cikin goman nan, bakwai suna da 3 ko 4 a ciki. Sau huɗu ninki ne sau biyu: huɗu sau bakwai, a ninka bakwai sha huɗu, a sake ninkawa ashirin da takwas. Sau uku kuwa ninki ne a ƙara guda: uku sau takwas, sha shida da takwas, ashirin da huɗu. Abin da ya rage uku ne rak, su ne kuma su ke kayar da manya ma: 6 sau 7, 6 sau 8, da 7 sau 8. Na shida a yi sau biyar a ƙara guda: talatin da biyar da bakwai 42, arba'in da takwas kuwa ga ta nan a bakin mai faɗi, 48. Na ƙarshen a rubuta wa yaro 5, 6, 7, 8 a jere, a nuna masa 56 ita ce 7 sau 8.

Dattawan da su ka yi elementare za su ce a zamaninsu har sha biyu a ke haddacewa. Gaskiya ne, da dalilinsa kuwa: kwabo sha biyu ne sule, sule ashirin fam, inci sha biyu kuma ƙafa guda. Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma Naira da kwabo, kwabo ɗari Naira guda, fam ɗaya ya zama Naira biyu. Shi ya sa har yau a ke ce wa Naira 200 jaka, don da fam ɗari ne jaka. Na sha biyu bai rasa amfani ba, ga dozin ga watannin shekara, amma sai na goma ya zauna tukuna.

Rabawa ba ta bukatar dogon bayani, don duk yaron da ya taɓa cin abinci da 'yan'uwansa ya san ta. Ƙosai sha biyu, yara uku, huɗu-huɗu. Abin da za a ƙara masa shi ne ya ga cewa jadawalin sau ne aka karanta ta baya, ya kuma saba da saura: ƙosai sha huɗu, yara huɗu, uku-uku saura biyu.

YAUSHE, KUMA HAR TSAWON WANE LOKACI?

Minti biyar zuwa goma kowace rana ya fi awa biyu ran Asabar. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun cikin 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya kama zuciya. Almajirai sun san wannan, shi ya sa ba su wasa da tilawa. A zaɓi lokacin da yaro ba ya jin yunwa ko barci: kan hanyar makaranta, ko sa'ad da a ke tsince shinkafa, ko bayan cin abincin dare.

Rera jadawali daga farko zuwa ƙarshe yana da amfani, amma yana da aibi guda. Akwai yaron da in an ce bakwai sau shida sai ya koma bakwai sau ɗaya ya gangaro. Don haka a yanka kwalin sukari ko na shayi ƙanana-ƙanana, a rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, a cakuɗa su. A ɗaga ɗaya, a ba yaro sarari ya nemo amsar da kansa, kada a yi saurin faɗa masa, don wannan ƙoƙarin tunowa shi ne ya ke kafa ta. A kasa katunan kashi uku: waɗanda ya amsa nan take, waɗanda sai da ya yi dabara, da waɗanda ya kasa. Kashi na uku kullum, na biyu bayan kwana biyu, na farko mako-mako. Kada sababbi su wuce uku ko huɗu a lokaci guda. Uwar da ba ta karatun boko tana iya sa yayan yaron ya rubuta, ita kuwa ta yi tambaya da baki. Ai ba a cutarta a kasuwa.

Wasanni ma suna yin rabin aikin. Lido da ƙwaya biyu tarawa ce daga 2 zuwa 12, muddin an bar yaro ya haɗa da kansa. Gidan da ba a son ƙwayar lido saboda kamarta da caca, sai a rubuta lambobi cikin marafan kwalba a zuba a jaka, a riƙa zaro biyu-biyu. 'Yan mata suna ƙirga cikin carafke, maza cikin dara. Ayo na Yarabawa, mai gurbi sha biyu da ƙwaya huɗu-huɗu, jimla 48, duk lissafi ne daga farko har ƙarshe.

BULALA, TSORO DA YARON DA YA KE BAYA

Bulala ba ta koyar da lissafi. Yaron da ya ke kallon hannun babba, rabin hankalinsa yana kan dukan da zai sha, ragowar ba ya isa aikin. Haka tsawa, haka gori irin na "ƙanenka ma ya fi ka". In ya kuskure, a ce masa, "Nuna mini yadda ka yi." Sau da yawa kuskuren da kansa zai faɗi inda matsalar ta ke. Wanda ya ce shida sau bakwai arba'in da tara, ya kama maƙwabciya ne, watau bakwai sau bakwai, yana kusa. Wanda ya ce sha uku kuwa, tarawa ya yi, bai rarrabe alamomin ba. A koma da shi kan kashin tumatir. Sauri kuma kada a neme shi da fari. Daidai tukuna, sauri yana zuwa da kansa.

Iyaye su kiyayi faɗin "ni ma ban taɓa iya lissafi ba" a gaban yara, musamman uwa a gaban 'yarta, don yarinya takan ɗauki wannan kamar gado. Abin mamaki, yarinyar da a ke cewa ba ta ja a aji, ita ce in an aike ta kasuwa ba ta ɓatar da ko Naira. Lissafin yana kanta, haɗa shi da alƙalami ne ba a yi mata ba. A sa ta rubuta cinikin da ta yi a ka, za ta ga abu ɗaya ne. Wannan fa ba hujja ba ce ta ɗora mata talla a lokacin makaranta.

Wayar hannu tana da na'urar lissafi, yara kuwa sun san inda ta ke. Ba laifi a duba amsa da ita bayan an gama, amma wanda ba shi da lissafi a ka ba zai gane ba in yatsansa ya danna sifiri fiye da kima.

In an yi watanni ana bin waɗannan hanyoyi yaro bai motsa ba, a fara duba lafiyarsa: ko yana ganin allo sosai, ko yana ji da kyau, ko yana tafiya makaranta da abin kari a cikinsa. In duk wannan lafiya lau, to, akwai yaran da lamba ta ke yi musu wuya ta musamman, ko da ya ke suna da kaifin basira a sauran fannoni; likitoci da masana tarbiyya sun san wannan lalura. Irin wannan yaro yana bukatar tsakuwa da tsinke su daɗe a hannunsa fiye da sauran, da matakai ƙanana. Uba ko uwa su je su ga malamin ajin, su tafi da katunan kashi na uku, domin malam ya ga ainihin inda yaron ya tsaya, su kuma ji hanyar da a ke bi a aji don kada gida da makaranta su saɓa.

WASAN GIDA TARA

Ga yaran da su ka riƙe tarawa, ga wani wasa mai tsohon tarihi a ƙasar nan. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci cikin 1732 a kan yadda a ke tsara lambobi cikin murabba'i, ya kuma rasu a Alƙahira cikin 1741. Mafi ƙanƙantar irin wannan murabba'i gida tara gare shi.

A zana gida tara a ƙasa, uku-uku jeri uku. A ba yaro marafan kwalba masu lamba 1 zuwa 9, a ce ya jera su yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Dalilin 15 kuwa, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, a raba gida uku. Kafin ya dace zai yi tarawa fiye da yadda zai yarda ya yi a takarda. In ya gaji, a taimake shi da abu ɗaya: 5 ce a tsakiya. In ya sake cijewa, a ƙara masa cewa 2, 4, 6 da 8 su ne a kusurwoyi. Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce 2, 7, 6 a sama. 9, 5, 1 a tsakiya. 4, 3, 8 a ƙasa. Bayan ya samu, a ce ya ƙara ɗaya a kan kowace lamba ya duba layukan, zai tarar da 18. Sa'an nan ya koma kan na farkon ya ninka kowace lamba, amma ya faɗi abin da layi zai bayar tun kafin ya haɗa.